Ai Shi O Ne

Har yau dangi cewa suke baƙin ciki ne ya sa na tayar da rigima a auren yayata. Ba haka ba ne, kuma na gaji da bayani.

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sakandare, aka sa ranar Yaya. Mu a gidanmu ba a littafi muka san sikila ba, ita ta yi ajalin ƙanenmu. Yaya AS ce, ni ma haka.

Wata la'asar ana zaɓen anko a falonmu nan Nassarawa, na tambayi mahaifiyata ko angon ya yi gwaji.

"Tuni," in ji Hajiya. "Ai shi O ne, masu ba kowa jini. Jini mai kyau."

Na ce, "Hajiya, wannan rukunin jini ne, na lokacin ƙarin jini. Gwajin sikila daban ne, AA ko AS ko SS. Mai O zai iya zama AS."

Gwaggona da ta zo daga Giginyu ta ajiye atamfar hannunta. "Ikon Allah! Yaro da digiri biyu bai san jininsa ba, sai ke? Sannu, Dakta."

Mai hankali zai kai maganar wurin Abba a asirce. Ni kuwa da angon ya zo zance, a bakin get na tare shi, gaban maigadi, ko gaisuwa ban ƙarasa ba. Ya yi dariya, ya ce, "Ƙanwata, ba kya so in ɗauke miki ita ne?" Na ce so nake kada ta raya ɗa a gadon asibiti. Dariyar ta tsaya.

Magana ta kai wa Abba, ya ce ba ɗaurin aure sai an gwada. Yaya ta yi ta kuka, ta daina kula ni.

AA ya fito. Aka sha biki, yaransu lafiya lau, Alhamdulillahi. Gwaggo ta ce, "Kin gani? Da ma mun ce O ne." Har yau ba wanda ya yarda dace kawai muka yi. Sunan Dakta kuwa ya bi ni.

Makon jiya na tambayi nawa saurayin. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, ni B ne."

Ban ko fara bayani ba. Na ce Litinin ya zo da mota, asibiti za mu kafin magabatansa su tako gidanmu.