Malam Maiwada, Mutumin da Ya Wanke Mini Suna a Banki

Da an idar da sallar asuba a Ikara, kafin masu shayi su gama hura wuta, Malam Maiwada ya riga ya ɗaure jakarsa a bayan tsohon babur ɗinsa. Tashar mota yake fara zuwa. Ranar kasuwar Makarfi yana can tsakanin motocin rake, wata ranar Kudan, wata ranar ƙauyen da sai ka hau tudu waya ke samun sabis. Wakilin wani kamfanin inshora ne. Yana yi wa masu mota inshora, sannan ya bi su yana tuna musu lokacin biya. Direbobi sun daɗe da daina kiran sunansa. Da sun hango shi sai wani ya ɗaga murya, "Jama'a kowa ya riƙe aljihunsa, ga Ƙarshen Wata nan!" Shi kuwa ya kafe babur yana dariya, ya ce, "Ni ba ni na kafa wata ba, ganinsa nake yi kamar kowa."

Shekara ashirin da wani abu yana wannan yawo. Yanzu hawan jini ya matsa masa, likita ya hana shi babur, zai ajiye aiki ƙarshen shekarar nan. Ku tambayi Tukur direban Gubuchi, wanda motarsa ta kife da rake, wane ne ya yi ta sintiri Kaduna har kamfani ya biya shi. Amma ni abin da ya same ni zan faɗa, don har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Bara 'yata Ramla ta sami gurbi a makarantar kiwon lafiya. Aka ce duk wanda bai biya kuɗin rajista ba kafin a rufe, za a ba wa wani gurbinsa. Abin da ke hannuna bai kai ba, sai na tafi ƙaramin bankin da nake ajiya neman rance. Ban kawo komai a raina ba, tunda a sanina ko kwabo babu wanda ke bi na. Ma'aikacin ya buga lambar BVN ɗina a kwamfuta, ya duba, ya sake dubawa.

"Malam Lawal, sai dai ka yi haƙuri," in ji shi. "Sunanka ya fito cikin waɗanda ba sa biyan bashi a kan lokaci."

"Sunan wa? Ɗana, duba da kyau, Muhammadu Lawal sun fi dubu a ƙasar nan."

"Lambarka ce, Baba. Kuɗin inshorar mota ne, an daɗe ba a zuba ba."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da ba ni da mota! Na fito ban san ta ƙofar da na bi ba. A bakin tasha na zauna kan benci, hulata a hannu, a nan Malam Maiwada ya same ni. Ko lokacin da nake da mota ba a kamfaninsa na yi inshora ba, gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Lawal, wannan zaman ba na lafiya ba ne." Na kwashe komai na faɗa masa.

Tambayarsa ta farko ita ce, "Bas ɗin nan taka fara, ina take?"

Na ce na sayar wa Yaya Mu'awiyya, yayan matata Suwaiba, can Likoro. Muka yi ciniki gaban dattawa, aka shafa fatiha, na miƙa makulli da takardu. Har layin wayar da fasinjoji suka sani na bar masa. Inshorar kuwa kashi-kashi ake biya, ya ce zai ci gaba da zubawa.

"An canja suna a takardun?"

Na ce, "Malam, yayan matata ne fa. Da wane bakin zan ce masa mu je ofis mu sa hannu, kamar ban yarda da shi ba?"

Ya gyara zama. Sannan ya yi mini bayani. Ashe abin da muke kira kashi-kashi rance ne. Wani banki ne ya biya wa kamfani kuɗin shekara gaba ɗaya a madadina, ni kuma nake mayar masa wata-wata. Duk watan da aka makara, suna aika labari wata ma'ajiya da bankuna ke leƙawa kafin su ba mutum ko sisi. Saƙonnin gargaɗin kuma layin da na bayar suke shiga, da Turanci. "Banki bai san fatihar da kuka shafa ba," in ji shi. "Lambarka ya sani."

Na ce to ni dai ba zan iya tunkarar Yaya da maganar kuɗi ba, aurena nake ji. Ya ce, "Ba kai za ka yi magana ba. Gobe ka zo ka hau bayana."

Malam Maiwada, kai ne ka ƙona manka, ka bar kasuwar da kake samun na cefane, ka goya ni a kan hanyar Likoro cikin taɓon damina, a kan lamarin da ba ka da ko kwabo a ciki. Sau biyu muna sauka muna tura babur. Ina jin numfashinka yana fita da ƙyar, ka ce mini wai motsa jiki ne likita ya ce ka riƙa yi.

Muka tarar da bas ɗin a ƙofar gida, an ɗora ta kan duwatsu, kaji na kwance a ƙarƙashinta. Yaya Mu'awiyya ya ajiye ta tun shuka ya koma gona. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa har ta ishi kowa. Ni kaina a ƙasa. Malam Maiwada ya fara da yabon masara, sannan a hankali ya gangaro kan inshora.

Yaya ya yi dariya. "Haba Malam! Motar da ke kan duwatsu, hatsarin me za ta yi? Ko zakara ne zai buge ta? Idan an yi kaka ta hau hanya, sai in biya gaba ɗaya."

"Gaskiyarka, Alhaji, zakara ba zai buge ta ba," in ji Malam Maiwada. "Amma ta riga ta buge mutum daga nan inda take."

"Wa?"

"Ramla. 'Yar ƙanwarka."

Ya yi masa bayani kamar yadda ya yi mini, bai ɗora wa kowa laifi ba. Na ga fuskar Yaya ta canja. Ya juyo gare ni. "Lawal, ashe haka ake ciki ka yi shiru? Ni za a ce na tare wa 'yar Suwaiba hanya?" Ya tashi ya buɗe rumbu. Tsohuwar dawar da ya ajiye don ci a damina ya fitar, washegari ya kai kasuwa.

Na ɗauka da an biya shi ke nan. Ashe da sauran tafiya. Malam Maiwada ya raka ni Zariya wajen bankin da ya bayar da rancen inshorar, ya zauna ya ƙi tashi sai da suka ba mu shaidar cewa an biya. Bai yaudare ni ba. Ya ce, "Tabon ba zai goge yau ba, zai daɗe ana ganin an taɓa makara. Amma wanda ya makara ya biya daban yake da wanda ya gudu." Haka kuwa aka yi. Bankinmu ya ba ni rance, amma ƙasa da abin da na nema. Na sayar da ragon da nake kiwo na cika. Ramla ta yi rajista ana gab da rufewa.

Da na kai masa ɗan abin godiya, ya mayar mini. Ya ce, "Idan kana son faranta mini, ku je ku canja suna." Muka je ofishin lasisi ni da Yaya, muka zauna benci ɗaya kowa na kallon gefe, muka sa hannu. Babu abin da ya sami zumuncinmu.

Na gode, Maiwada na Ikara, mai tuni tun kafin a yi kuka. Allah Ya ba ka lafiya, Ya jiɓinci lamarin 'ya'yanka yadda ka jiɓinci na tawa. Matasan da za su gaje shi, kada ku tsaya ga karɓar kuɗi, ku faɗa wa mutane abin da suke sa wa hannu da harshen da suke ji. Mu kuma masu mota, idan ka sayar, ko wa ka sayar wa, ku canja suna. Idan wata ya ƙare, a zuba, ko motar na kan duwatsu.

Hutun da ya wuce Ramla ta je gaishe shi da farar rigarta, ta ɗaura masa abin awon jini a dantse. Ta duba ta ce, "Baba, ya hau. Yaushe rabonka da shan magani?" Ya fara kame-kame, wai ya ƙare ne, yana jira a yi albashi.

Ta ce, "To daga yau ni ce Ƙarshen Watanka."