Takardar Sale da aka ce ba ta zo ba

Da safen nan ina karyawa waya ta shigo daga Djougou. Sale ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sale mahauci nake nufi, na bakin kasuwa, wanda rabin garin suka ci namansa. Mun fi shekara hamsin tare. Kokon da aka dama mini yana nan gabana ya huce.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Sai na buɗe waya na ga abin da 'ya'yan kawunsa suka liƙa, har da hoto. Wai "bawan Allah da bai taɓa ɗaga kai ya nemi abin da ba nasa ba, ya riƙe sana'ar gado hannu bibbiyu." Ku ji tsoron Allah. Kun fi kowa sanin wanda ya danne masa kan.

Tunda kun fara, bari in ƙarasa muku.

Lokacin ƙasar nan ana ce mata Dahomey. Mu biyu muka taso daga Djougou zuwa lise, wato makarantar sakandare, a Parakou, aka sauke mu a Zongo gidan kawun Sale, ƙanin mahaifiyarsa, babban dillalin shanu. Ni ɗan malami ne, alfarma aka yi mini. A gidan nake ci, a zauren nake kwana.

Shekarar ƙarshe muka sa konkur a gaba, jarrabawar shiga makarantar likita. A Cotonou ake yi, kuma ba ka shiga ɗakin sai da takardar kira a hannunka.

Ni hadda na iya, kamar mai wanke allo. Sale ganewa yake yi.

Darasin zuciya ya gagare ni sati biyu. Ran nan bayan asuba ya ja ni mahauta, ya karɓo zuciyar rago da ɗuminta, ya tsaga, ya ɗauki tsinken tsire yana nuna mini.

"Ɗan malam, bar hadda. Ga ɗaki huɗu, ga ƙofofinsu. Sa yatsa."

Na ce ƙyanƙyami nake ji.

Ya ce, "Likitan da ke gudun jini ai gara ya koma rubutun sha."

Na sa yatsa. Daga ranar ban sake manta ta inda jini ke shiga da inda yake fita ba. Haka ya bi da ni huhu, ƙoda, hanta, har idon saniya. Da masassara ta kayar da ni, darasi biyu-biyu yake kwafa, ɗaya a littafinsa ɗaya a nawa, da rubutun nan nasa kamar tafiyar kaza.

To ga yadda gidan yake, don yaran yanzu su gane. Wasiƙar duk wanda ke gidan akwati ɗaya take faɗawa a gidan waya, makulli kuma yana aljihun maigida. Shi ke rabawa a zaure bayan la'asar. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka karɓa. Ba a tambayar babba abu sau biyu.

Kuma duk faɗin gidan nan Sale kaɗai ke iya cike takardun shanu da Faransanci, na likitan dabbobi da na duwan, wato kwastan. In ya tafi, wa zai yi? Maganar ke nan, babu wata.

Ranar da takardun kira suka iso, Sale yana durƙushe kansa a ƙasa. Ni ina tsaye a gefe da buta, na kawo wa maigida ruwa. Ya sa hannu a aljihu. Ambulan biyu na gani, launi ɗaya, hatimi ɗaya. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini, ya tura ɗayar ciki da babban yatsa.

Sale ya ce, "Kawu, tawa fa?"

Ya ce, "Ba ta zo ba. Abin da Allah bai rubuta ba, gwamnati ba ta rubutawa."

Da sunan Allah ya rufe ƙaryar. Wannan ne har yau yake ci mini rai.

Ni kuwa na gani, na yi shiru. Tuwon gidan yana cikina, tabarmata tana zaurensa, na ji tsoro. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, ragon mutum na zama ranar.

Sale ne ya ɗauki jakata har tashar jirgin ƙasa. Ya ba ni littafinsa da ƙunshin kilishi, ya ce, "In zuciya ta fito, ka tuna ragon nan."

Ta fito kuwa. A ɗakin jarrabawa teburin da ke damana babu kowa, daga farko har aka tashi.

Kafin in dawo an tura shi Kolokondé sayen shanu. Daga nan mahaifinsa ya rasu, aka ce ya koma Djougou ya riƙe teburin nama. Shekarun shiga konkur suka wuce shi yana riƙe da wuƙa. Ni aka koma ce mini likita.

Watan jiya ya zo wurina a unguwar Titirou, nan Parakou, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Ban ko ɗora masa abin sauraro a ƙirji ba ya ce, "Ƙofar hagu ce ba ta rufuwa sosai, ko ba haka ba?"

Na saurara. Ita ce.

Sai ya zaro wata tsohuwar ambulan, ta yi ja don daɗewa, ba a taɓa buɗe ta ba. Ya ce a adakar kawunsa aka tsince ta ranar rabon kaya, shekaru da yawa ke nan. Ku 'ya'yansa kuna wurin. Babbanku ne ya miƙa masa yana dariya, wai ga tsohuwar wasiƙarka.

Ya ce, "Na kasa buɗewa. Yanzu ido ya tafi. Karanta mini, ina so in ji ko sun karɓe ni."

Na buɗe. Sun karɓe shi. Ga sunansa, ga rana, ga lambar tebur, wadda ke bin tawa.

Nan na gaya masa abin da na riƙe tun muna samari. Na ce Sale, na ga ambulan biyu ranar.

Ya ce, "Na sani, ɗan malam. Ai butar a ƙafata ta zube."

Na ce to me ya hana ka magana?

Ya ce, "In ce wa ƙanin uwata ya zazzage aljihu?" Ya ɗan huta, sannan ya ce, "Da ka yi magana mu biyu za a rasa. Yau wa zai duba ni?"

Ya sa na sake karanta masa lambar teburin. Sannan ya ce in ajiye takardar a wurina.

Shi ya yafe. Ni ban kai can ba, ga kawun nasa da ni kaina. An ce a ambaci mamaci da alheri, shi ya sa ban kama sunan ubanku ba, iyakar abin da zan iya ke nan. Amma ku da kuke raye, ku goge rubutun nan. Sale ya ɗaga kai, ya nema, kuma an ba shi. A aljihun gidanku abin ya kwana.

Yanzu zan kama hanyar Djougou, bayan azahar za a kai shi. Wanda ya san yana wurin rabon kayan nan kada ya miƙo mini hannu, ya miƙa wa 'ya'yan Sale.

Ya Allah ka jiƙan Sale, ka yalwata masa makwanci, ka ba shi takardarsa a hannun dama ranar da babu mai tsayawa tsakaninka da bawanka. Ka yafe mini shirun da na yi.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Sunansa Salihu.