Ranar da Kunyar Suruki Ta Cinye Mini Injin Mota

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini a rayuwa, amma ranar da na ɗauki surukina zuwa ƙauyen Garu ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma yawancin haushin da kaina nake yi.

Motar tawa mai ƙofa huɗu ce, irin ta iyali, ta hannu na sayo ta a Kwatano. Shekara goma sha biyu ina riƙe da ita a Malanbil ba a taɓa buɗe injinta ba, kuma da wannan nake tinƙaho. Ba na zuba mata man kwalba na bakin hanya, ba na ɗaukar albasa ko kifi, aro kuwa ko ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya bai isa ba. Abokaina a kasuwa har tsiya suke mini, wai na fi jin tarin motar nan a kan na 'ya'yana.

Wata safiya cikin damina mahaifin matata ya aiko in kai shi Garu ya duba wani amininsa da ke kwance. To, a wurinmu suruki ba abin wasa ba ne. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in yi masa musu. Na wanke mota tas, na buɗe masa ƙofa, muka kama hanya.

Mun yi nisa sai ya nuna wata 'yar hanya da ta ratsa gonakin shinkafa. "Bi nan, ɗana, ta hi kusa." Na dubi hanyar. Kogi ya yi ambaliya a makon, ƙasar ta yi baƙi tana sheƙi, ga motata cikinta dab da ƙasa. Na san ba za ta wuce ba, wallahi na sani. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Baba."

Ba mu yi tafiyar kirki ba muka faɗa wani kwari mai ruwa. Na taka wuta, tayoyi suka ƙara nutsewa. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu, ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Baba ya naɗe ƙafafunsa a kan kujera, ya riƙe takalmansa a hannu, hankalinsa kwance kamar yana kan tabarma a zaure. Ni kuwa zuciyata tafasa take, ba halin ko tsaki.

Manoma suka taru suna ta shawara da yarensu na Dandanci, wani ya kawo bijimansa biyu na huɗa. Baba da kansa ya leƙo ta taga ya nuna musu su ɗaura igiya a bamba, wato karen gaban motar. Na san ba za ta riƙe ba, amma na bar su suka ɗaura. Bijimai suka yunƙura, bamba ta ɓalle, suka yi gaba da ita cikin shinkafar mutane, mota tana nan inda take. Sai da na kwanta cikin laka da farar rigata na ɗaura igiyar a ƙarfen ƙasa sannan aka fito da mu.

A gindin wata bishiya Baba ya dube ni. "Ashe ba ta iya ruwa? Ni da keke nika bin hanyag ga, in na iske ruwa in saɓa shi ga kahwaɗa. Kai ad da mota, mi as sa ba ka hwaɗi ba?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kunya, Baba."

"Kunya? To ga ta nan, ta jiƙa mu duka." Ya hau bayan babur ɗin wani manomi ya tafi duba amininsa, ya bar ni da laka har wuya.

Washegari da aka jawo motar gari, bakanike ya ce ruwa ya shiga inji, sai an sauke. Na tsaya ina kallo yana kwance abin da na yi shekara goma sha biyu ina tattali, ƙarfe bayan ƙarfe, a kan buhu. Motar ta tashi daga baya, amma ba ta sake komawa yadda take ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tsohon nan bai nemi shiruna ba, ni na ɗauka shi ne ladabi. A ranar na koyi cewa girmama babba ba ya hana gaya masa abin da ka sani shi bai sani ba. Da na ce, "Baba, motar ba ta bin nan," da ba wanda ya jiƙe.