Baba a Ƙarshen Kaset

Busar sarewa ce, siririya, ta fito daga falo ranar wata Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Hannuna ya tsaya cikin faranti. Na san busar nan kamar yadda na san muryar ladanin unguwarmu, ga shi kuwa na fi shekara ashirin ban ji ta ba.

Da na leƙa sai na tarar da babban ɗana zaune gaban tele da kwalin faifai a hannu. Ya ce a kasuwar Katako ya gani, tsohon desen anime ne, fim ɗin zane na yara, da aka wanke masa launi aka sake fitarwa, shi ne ya sayo wa ƙannensa. Faifai biyu ne a ciki. Ɗaya fim ɗin kansa, ɗaya kuma ƙari: yadda aka zana shi, hira da tsofaffin da suka yi aikin, da wuraren da aka cire daga fim ɗin tun farko. Wannan magana ta ƙarshe ce ta zaunar da ni a hannun kujera, da farantin shinkafa a cinya. Mai karatu, sai ka yi haƙuri in koma da kai baya, don in ba haka ba za ka ɗauka taɓuwa gare ni.

A unguwar Lamorde muka tashi, a hayin kogi, a gidan haya mai ɗaki biyu da bishiyar dogonyaro a tsakiya. Baba direba ne, yana tuƙa wani anasara mai aikin haƙa rijiyoyi. Ina da shekara takwas a shekarar da ruwa ya ƙi sauka, shekarar da kogi ya janye har yara suna tsallakawa da ƙafa a ƙarƙashin gada. Kaka, mahaifiyar Baba, ta baro ƙauye bayan awakinta sun ƙare, ta zo da tabarma da buta da wasu jikoki uku. Tuwo ya koma na jar dawar taimako, wadda ko an sa mata miya sai ta tsaya a maƙogwaro. Ana cikin haka aikin anasara ya ƙare. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Baba kado, wato kyautar sallama: tsohuwar tele, da akwatin bideyo, da kaset ɗaya na ƴarsa. Baba ya yi wata biyu yana neman mota bai samu ba, sai ya bi wani kamyo, babbar motar kaya, zuwa Abijan. Wasiƙa biyu ta zo. Daga nan shiru.

Kawu, ƙanin Inna, tela ne, shagonsa a zauren gidan, kuma shi kaɗai ke da kuran, wato wutar lantarki. A can aka ajiye na'urorin, aka rufe su da ragowar atamfa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya ture keken ɗinki gefe, a shimfiɗa tabarma, mu cika shagon har da ƴaƴan maƙwabta. Har yau in na ji warin man keke da sabon yadi sai in ji kamar za a kunna wani abu.

Labarin fim ɗin na wani farin tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu da garkensu ya tashi ya bari, wata yarinya ta ɗauke shi ta raina a bayan murhu har sanyi ya wuce. Babu mai jin faransancinsu sosai, ni da nake zuwa lakwal, makarantar boko, ma tsintar kalma nake yi, sauran in cika da nawa. Kaka ta sa masa suna shamuwar anasara. Akwai wurin da ake sheƙa ruwan sama a kan ciyawa shar, har kwaɗi na rawa. In an zo nan sai ta ɗaga tafin hannu ta ce Allah Ya ba mu ko da rabinsa, mu duka mu ce amin, tsuntsu na ta tsalle.

Amma ba don tsuntsu Inna take barin aikinta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ba. In fim ya ƙare, rubutu ya gama hawa sama, sai gilashin ya cika da yashi mai shuuu. Yaran maƙwabta su fara miƙewa, mu ƴan gida ko motsi. Can sai hoto ya yi tsalle, ga rana tsaka, ga bakin kogi a Gaweye, ga farar mota. Ga Baba ya naɗe ƙafar wando yana wanke ta. Yana juyowa ya ga ana ɗaukarsa, kunya ta kama shi, ya ɗaga soso yana dariya, kumfa na gangarowa har gwiwar hannunsa. Ya faɗi wata magana iska ta tafi da ita. Duka bai wuce tsawon karanta fatiha uku ba, sai yashi ya dawo.

Kaka takan amsa masa: “Lafiya lau, ɗan nan, lafiya lau.” Inna kuwa sai ta ce wa Kawu, “Ɗan mayar da shi baya.” Ya mayar, sau biyu, sau uku, wata rana har a kira la'asar. Inna ta sayar da gadonta a shekarar nan, ta sayar da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya, amma ranar da wani dillali ya taya bideyon, ko ruwa ba ta ba shi ba.

Yanzu kowane yaro zai gaya maka abin da ya faru: anasara ne ya ɗauki Baba da na'urarsa a kan ragowar zaren kaset. Mu ba mu san haka ba. A wurinmu fim fim ne, daga busar sarewa har zuwa soson Baba abu ɗaya ne. Ni har na yi imani cewa duk inda ake kallon tsuntsun nan a duniya, ana ƙarewa da ubana. Nakan kwanta in ƙiyasta ƴaƴan anasara a ƙasar ƙanƙara suna tambayar uwayensu wane ne wannan kyakkyawan mutum, ina jin daɗi har in rufe fuska da zane.

A tsakiyar bazara, ranar da zafi ya sa ko ƙadangaru sun ɓuya, na'urar ta tauna kaset. Daidai wurin da aka fi mayarwa baya ta kama. Kawu ya zaro zaren a hankali, ya fito a tattaune kamar hanjin kaza. Ya ɗauko almakashin ɗinki ya yanke abin da ya lalace, ya liƙa sauran, ya naɗe da biro. Tsuntsu ya dawo lafiya. Baba bai dawo ba.

Washegari Inna ta ciro turmin zanen da ta ɓoye a ƙasan akwati, ta kama hannuna, muka taka a ƙafa muka haye gada. Ba ta gaya wa Kawu ba. A ƙasa ana ganin yashi da ƴan kududdufai, da bukkokin waɗanda yunwa ta koro. A Katako ta sayar da zanen, muka bi ta layin masu katako, ƙurar zarto na shiga mana hanci, har muka samu wani mai sayar da kayan da anasara suka bari. Kaset-kaset jere a kan tebur. Ni na hango farin tsuntsun a jikin wani kwali.

Inna ta juya shi gaba da baya, ta ce, “Malam, shi ne dai gaba ɗayansa? Har da direban da ke ƙarshe?”

Ya dube ta, ya dubi kuɗin da ke hannunta, ya ce, “Hajiya, komai na ciki. Har da abin da ba ki tambaya ba.”

Ba mu jira Juma'a ba. Kawu ya ga kaset, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ga fuskar yayarsa ya fasa. Aka kunna. Launin ya fi na namu kyau, amma babu wanda ya kula, ko Kaka ba ta yi addu'ar ruwa ba. Rubutu ya hau, yashi ya zo. Muka jira. Yashi ya yi ta shuuu har na'urar ta yi ƙas ta tsaya da kanta.

Kaka ta ce, “Ina ɗan nawa?” Ta sake tambaya. Kawu ya ce, “Yaya, zo ki ji,” suka shiga cikin gida. Sun ɗan jima. Da Inna ta dawo sai ta durƙusa gaban Kaka, ta waiga bakin ƙofa kamar yadda manya ke yi a lokacin kafin su faɗi wasu maganganu, ta rage murya ta ce, “Iya, ki yi haƙuri. Soja ne suka cire shi.”

Kaka ta dafe bakinta. Magana ta mutu a nan. A zamanin, in aka ce soja, tambaya ta ƙare; ko mutum uku suka daɗe a gindin bishiya sai wani ya ce a watse. An ja mini kunne kada in faɗa a lakwal, ban kuwa faɗa ba.

Sai dai abin ya zauna mini a ciki ya yi ta tsiro. Me Baba ya yi wa soja? Wanke mota laifi ne, ko maganar da iska ta kwashe ce? Na yanke wa kaina cewa Baba babban mutum ne a ɓoye, shi ya sa wasiƙunsa ba sa isowa, shi ya sa ba zai iya dawowa ba ko da zuciyarsa na nan. Da na girma na fara aron ƴan littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano, duk jarumin da aka raba da masoyiyarsa fuskar Baba nake sa masa, da kumfa a hannu. Kaka ta rasu tana yi wa soja Allah Ya isa a ƙasan numfashi. Ni kuwa ina sakandare na ga yadda ake ɗaukar biki da kamara, na gane komai cikin minti ɗaya, na fita bayan aji na tsaya ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Kaina ya gane, amma wani wuri a ƙirjina bai samu labari ba. Ban taɓa tambayar Inna ba. Ni ce ƴar fari, ko sunana ba ta kira, balle mu zauna irin wannan zance.

Yanzu Inna a wurina take, idonta ya yi rauni, kunnenta kuwa garau. Ranar Asabar ɗin nan busar ta fito da ita daga ɗaki tana dafa bango. Jikanta, da bai san komai ba, ya shiga yi mata talla: “Hajiya, wannan sabo ne fil, har wuraren da aka cire duk an dawo da su.” Na harare shi, bai gane ba. Da fim ya ƙare yara suka watse, muka rage mu biyu, na tattaro ƙarfin hali.

“Inna, kin san ba ya ciki, ko?”

“Tun ranar kawunki ya yi mini bayani,” in ji ta. “Har da zane a ƙasa, kamar malamin lakwal.”

“To me ya sa kika ce soja?”

Ta gyara ɗankwali. “Tsohuwa na shirin kuka, ke kuma kin kafa mini ido. Soja a lokacin bayansu faɗi gare shi, ko me ka ɗora musu za su ɗauka. Ko so kike in ce muku mutum da ƙafarsa ya tafi…” Ta nuna kwalin da haɓa. “Sa mana na biyun.”

Na sa. Wasu tsofaffin anasara suka fito suna buɗe manyan akwatuna, suna ɗaga takardu da safar hannu. Ashe kowane motsin fiffiken tsuntsun nan sai da wani ya zana shi da hannu. Aka nuna wuraren da aka cire: tsuntsu na faɗa da kyanwa, yarinya na wata waƙa, duk da fensir, ko launi babu. Abin da su da kansu suka ce ba sa so, sun adana shi shekara da shekaru a ɗaki mai sanyi, ba ko yagewa. Ina kallo ina tunanin zaren da Kawu ya share tare da ƙyallayen ɗinki. Yau ƴaƴana kan ɗauki hoton tuwo da waya su goge kafin ya huce, ni kuwa ban da tabbas ko fuskar da nake tunawa ta Baba ce, ko ta jaruman littattafai ce na liƙa masa. Ban ma san wanne ya fi mini ba, ƙaryar da ta raine ni ko gaskiyar da ta zo bayan na daina bukatarta.

Inna ta matso da kujerarta har kusa da gilashin, ta kalli komai, har da hirar da ba ta jin ko kalma ɗaya a ciki. Rubutu ya hau sama ya ƙare.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Inna.”

“Bar shi ya ɗan ƙara gaba.”

Na rasa yadda zan gaya mata cewa faifai ba shi da ragowar zare, in ya ƙare farko yake komawa. Na ajiye abin latsawar a kan cinyata, na bar shi, muka ci gaba da zama.