Zazzaɓin da ba ya da zafi: ga Leandro Mudarra

Ranar Alhamis, sha takwas ga Agusta, 1870, da hantsi, ƙanwata Tomasa ta aiko a kira ni daga bakin ruwa. Kafin in hau tudu na ji kukan mata. Ka rasu, Leandro, kwana ɗaya bayan fitowarka daga jirgin ƙarƙashin ruwan kamfani. Takardar likita ta ce zazzaɓi ne. Na karɓa na ninke, amma har yau zuciyata ba ta karɓa ba.

Shekara ashirin da uku muna nutson lu'ulu'u tare a tsibirin Saboga, tun kafin ka zama surukina. Kowa ya san ranar da ƙafata ta maƙale a tsagin dutse, ka dawo ƙasa ba tare da ka gama shaƙar iska ba, ka fizgo ni. Da na farfaɗo a kwale-kwale, jini na zuba daga hancinka, abin da ka fara cewa shi ne, "Baltasar, kai dai ko mutuwa za ka yi sai ka wahalar da mutane." Abin da ba kowa ya sani ba shi ne labarin tsoho Eusebio, wanda ruwa ya kashe wa kunne da ido. Kullum ka dawo sai ka ware kifi biyu ka rataye masa a ƙofa, kuma har ya mutu yana zaton jikokinsa ne.

Da kamfani ya jawo jirgin nan daga Panama, dukanmu mun yi dariya. Ƙarfe ne baƙi, dogo, kamar tukunyar da aka kifa. Ana dura masa iska da famfo har ta cika ta matse, sai ya nutse, a buɗe ƙofofin da ke gindinsa, iskar ta hana ruwa shigowa. Mutum yana tsugune a bushe, yana tsintar ƙwanson lu'ulu'u da hannu a zurfin da numfashi ɗaya bai taɓa kai mu ba. Mu muka kira shi akwatin gawa. Kai kuwa ka zagaya shi sau uku kana shafawa, ka ce daga yau kifi mai cin mutane ba zai ƙara yanke ƙafar ɗan tsibirin nan ba. Da zuciya ɗaya ka so shi. Cikin wata guda ka san kowane makunni na cikinsa fiye da Turawan da suka kawo shi, har manaja, Mista Dunmore, ya bar maka tuƙi.

Sai ciwo ya fara. Mu fito lafiya, muna murnar tarin ƙwanso, kafin a gama dafa shinkafa da kwakwa gwiwa ta kama, kafaɗa ta kama, kamar ana buga ƙusa a ƙashi. Fatar wasu ta yi tabo-tabo. Likitan kamfani ya ce iskar fadama ce, ya raba mana kwinin, maganin zazzaɓi. Kai ne ka fara tambaya. Ka ce masa, "Likita, kuku ma iskar nan yake shaƙa, ga shi sai ƙiba yake. Wannan zazzaɓin ya aka yi ya san waɗanda suka sauka ƙasa?" Ya dube ka ta saman tabarau, ya ci gaba da rabon maganinsa.

Akwai ranar da makunnin sakin iska ya cije. Tasowar da muke yi cikin ɗan lokaci ta ɗauke mu kusan awa biyu, muna zage-zage, kyandir na neman mutuwa. Ran nan babu wanda ya kwanta ciwo, ko ɗaya. Washegari ka ja ni gefe ka ce, "Suruki, ba saukar ba ce, tasowar ce. Ban san dalili ba, amma jiki ba ya son a fizgo shi." Tun daga nan kake taso da mu a hankali, kana cewa makunni ne bai gama gyaruwa ba. Mako biyu muka yi ba ciwo.

Ina so in san wanda ya gaya wa Dunmore cewa makunnin lafiyarsa lau. Mu shida ne a cikin jirgin, kuma biyar ɗinmu mun zauna a gidanka ranar Juma'a muna karɓar gaisuwa. Na dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ban ga komai ba, kuma hakan bai kwantar mini da hankali ba.

Ranar Laraba aka karɓe makunni daga hannunka, aka ba wani ma'aikacin da suka zo da shi. Aka mayar da kai tsinta, ni kuma aka sa ni a layin farko na masu sauka. Ka ga ina ɗingishi, ka dafa ƙirjina ka ce, "Koma gida, tsoho. Tomasa ba za ta bar ni in ci abinci ba in ka gurgunce." Ka yi aikinka, ka yi nawa, awa huɗu a ƙasa. Waɗanda suke tare da kai sun ce jirgin ya taso kamar an saki gora a ruwa, har hazo ya cika cikinsa. Ka taka zuwa gida da ƙafarka. Da la'asar ƙafar ta daina jin taɓi.

Likita bai zo ba sai bayan ka cika. Tomasa ta rantse cewa a rubuce ya fito da takardar daga aljihu. Ta ce masa, "Ni na riƙe kansa tun jiya. Goshinsa sanyi ƙalau. Wane irin zazzaɓi ne ba ya da zafi?" Ya ce baƙin ciki ne ke sa ta magana. Kamfani ya aiko da akwati mai kyau, ya kuma matsa a rufe ka kafin rana ta faɗi, wai don kada cutar ta yaɗu. Ban ce wani ya yi niyyar kashe ka ba. Na dai ce akwai wanda ka gaya wa gaskiya, ya ji, ya ga awa biyu ta fi ran mutum tsada.

Jiya Dunmore ya zo gaisuwa, hula a hannu, ya ce babu kamarka. Kafin ya fita ya ce jirgi zai sauka ranar Litinin, ko da ni ko ba ni. Mutane sun riga sun ba da suna, don gidajensu na jiran abinci. Na ce zan shiga, amma makunni a hannuna, kuma a gaban kowa na faɗa. Ya yi murmushi ya ce za a duba. Ban yarda da murmushin ba. Na rubuta wannan ne, na ba Fada, limamin cocinmu, ya ajiye, don in wani ya sake kwantawa a san abin da ka gano.

Allah ya jiƙanka, Leandro, ya gafarta maka, ya ba ka hutu inda numfashi ba ya ƙarewa. Tomasa, 'yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya 'ya'yanku Inés da Casilda. Ga mahaifiyar Leandro, Doña Remigia, da dukan dangin Mudarra, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya tsare waɗanda za su sauka ranar Litinin, ya kuma bayyana abin da aka rufe tare da kai.

Surukinka,
Baltasar Ceballos