Anti Tabarau da Gidajen da Suka Daina Ƙirga

Kowace safiya, kafin ta ajiye jaka, Anti Tabarau kan kunna kwamfutar ɗakin ajiyar jini, ta manna hancinta da gilashin kamar mai shinshinar tukunya. Kaurin tabarau ɗinta ne ya jawo mata sunan. Shafi ɗaya take dubawa: wanda ke nuna kwanakin da suka rage wa kowace ledar jini kafin ta lalace.

Shafin yana da wata cuta. Wani lokaci a maimakon amsa, sai fomular da ke yin lissafin ta fito tsirara, da alamar daidai a bakinta, ta ƙi lissafa komai. Anti ta san dalilan kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ko an mayar da gidan da fomular ke ciki a shafin na rubutu maimakon na lissafi, ko wani ya saka tazara ko ɗan waƙafin sama a gaban alamar. Sai ta mayar da gidan yadda yake, ta shiga ciki, ta danna maɓallin Enta, lamba ta dawo.

Abin da ke ci mata rai shi ne maganin da abokan aikinta suka ƙirƙiro. Da zarar sun ga fomula tsirara, sai su goge ta, su buga lambar jiya da hannu. Shafi ya yi kyau, kowa ya huta. Amma lambar da aka buga da hannu ba ta motsi. Jini yana tsufa a firji, ita kuwa tana nan tana rantsuwa cewa sabo ne.

Wata nas ta shaida ranar da ta ɗauko ledar jini za ta kai wa wata mai haihuwa, Anti ta biyo ta a guje har ƙofar ɗakin haihuwa, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ƙanwata, tsaya! Kar ki saka mata wannan!"

"Anti, ai kwamfuta ta ce da saura."

"Kwamfutar ba ta ce komai ba. Wani ne ya ce, tun watan jiya."

Ke ce mai tashin matattun gidaje, Anti. Ke ce kika roƙe mu mu zauna ki koya mana, muka yi dariya muka ce, "Ai kina nan." To, ga shi ba kya nan. Idon ya ƙi, likita ya ce ba abin da za a iya, aka yi miki walima da lemo da jawabin da ba wanda ya ambaci shafin a ciki. Kin nemi a bar ki ki riƙa zuwa kyauta har wani ya iya, aka ce kujerarki an riga an ba wani. Wallahi abin kunya ne, kuma namu ne.

Mun gode, Anti, godiyar da ta zo a makare. Duk wanda ke gaban irin wannan shafi, a ko'ina yake, ya yi irin naki: in ya ga fomula tsirara, ya nemi dalili, kada ya rufe ta da lamba.

'Yarta ta ce yanzu Anti tana wuni a falo, waya a cinya. Ba ta ganin allo, amma ta ce in aka karanta mata abin da ke gidan, za ta faɗi gyaran da ka. Tun da ta bar aiki, watanni ke nan, ba wanda ya kira.

"Mama, ki kwantar da hankalinki mana. Shiru ai alama ce komai lafiya."

Anti ta juya fuskarta wajen muryar.

"'Yar nan, shafin nan bai taɓa yin wata guda bai lalace ba. In ba su kira ni ba, to da hannu suke bugawa."