Karen da Ya Haɗiye Taurina

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan manta da yadda wuƙar likita ta tona mini asiri a cikin hanjin ɗan kwikwiyo ba. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina zaune a Moriki, da damina noma, da rani farauta. Ɗan tauri ne ni, ko in ce haka nake gaya wa mutane. Akwai wata 'yar laya a kambun da nake ɗaurawa a damtse, na sha rantsuwa cewa ƙarfe ba ya kama duk wanda take jikinsa. Gaskiya dai ban taɓa tsayawa an gwada ni ba. In an buga ganga na fi kowa kirari, in an zaro wuƙaƙe sai fitsari ya matse ni.

Ina da wani baƙin kwikwiyo da na samo wurin wani Bafulatani, ina renonsa don farauta. Rannan na cire kambun zan yi wanka, na ajiye a kan turmi. Ina fitowa na tarar da shi yana taunar ragowar fata, laya kam ta wuce. Washegari ya fara amai, ya ƙi abinci, kashi ya tsaya, ciki ya kumbura kamar tulu.

Mai hankali da ya shiga damuwa. Ni sai na tafi rumfar wani abokina mahauci na yi shela cewa yanzu ko karen gidana ya fi ƙarfin wuƙa. Ya ce, "Madalla! Ashe ku biyu na 'yan tauri gidanku, kai da ɗan'uwanka."

Ranar kasuwa wani matashin likitan dabbobi ya zo daga Ƙaura yi wa shanu allura. Mahaucin nan ya matsa sai da na kai masa karen. Ya tattaɓa cikin, kare ya yi ƙara. Ya ce, "Malam, abu ya toshe masa hanji. Ka biyo ni Ƙaura yau a buɗe shi, in ba haka ba zai mutu."

Na ce, "Da mi za ka buɗe shi?"

Ya ce, "Da wuƙa mana."

Na yi dariya yadda duk 'yan kasuwar shanu za su ji, na ce, "Likita, adana wuƙakka kar ta lanƙwashe. Wanga kare da kaka gani ƙarhe ba ya kama shi." Jama'a suka yi sowa, na saɓa karena na wuce ina taƙama.

Yau da furfura ta cika mini kai zan faɗi abin da ke raina a lokacin. Na san in wuƙa ta shiga cikin nan, tawa ta ƙare a gari. Na gwammace ya mutu da cikinsa a rufe, in ce kwana ne ya ƙare. Na yi ta ɗura masa man shanu da jiƙon tsamiya, yana dawo da su. Da ya kai ga ba ya iya ɗaga kai, matata ta tsaya a kaina ta ce, "Maigida, mi karen ga yay yi maka? Kai ka tsoron wuƙa, shi ka mutuwa. In ba ka kai shi, wallahi in ɗauki mayahina in goya shi har Ƙaura, gari shi gani."

Na san za ta aikata. Na sa shi a kwando muka hau mota, fasinja suna ta tattare riguna suna tsaki. Mahauci ya biyo ni, wai shi ne shaida.

Muna isa likita ya karɓi karen. Ya yi masa allura ya yi barci, ya aske cikin, mu kuma muna leƙe ta taga. Har a lokacin ina addu'ar wuƙar ta karye. Ai kuwa ta shige kamar ana tsaga nunanniyar gwanda. Mahauci ya dafa kafaɗata ya ce, "Abokina, ko tunkiya ta hi shi gardama."

An daɗe ana aiki. Da likita ya fito ya nuna mini wani guntun hanji da ya yi baƙi ƙirin, ya ce ya mutu, dole ya yanke shi ya haɗa sauran. "Da ka kawo shi ranar da na ce, laya kawai zan cire." Sannan ya miƙo mini ita a tasa, ta jiƙe tana wari, ya ce, "Za ka mayar a hannu ne?"

Jinya a zaurena aka yi ta. Matata ta huda ƙwarya muka zura masa a wuya don kada ya lashi ɗinkin. Ni ke ba shi kunu da cokali kaɗan-kaɗan, ni ke goge ciwon da ruwan gishiri, in gama in bi hannuna da ƙasa da ruwa kafin salla. 'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba. Kowa ya yi sallama sai ya ce, "Ya jikin ɗan tauri?" In na amsa sai ya ce, "A'a, ba kai ba, mai ƙwaryar." Da ɗinkin ya fara ruwa na koma Ƙaura da shi a guje, ba wanda ya matsa mini. Ranar da ya yi kashi na farko sai da na kira matata ta zo ta gani.

Ya rayu, amma bai taɓa zuwa farauta ba. Bai yi jiki ba, ƙashi ya gagare shi har ya tsufa, a gadin awaki ya ƙare. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk gidan ba wanda yake wa rawar wutsiya kamar ni. Da zai iya zagina da na ji sauƙi.

Tun daga nan na gane cewa mai cika baki ba kasafai yake ɗaukar ciwon ƙaryarsa ba, sai ya nemo marar baki ya ɗora masa. In ka ga kana tsaron sunanka alhali wani na nishi a ƙofarka, haɗiye kunyar da wuri. Ita dai ba ta toshe hanji.